Ranar da Rediyo Ya Ci Kifi

Mama Tela ta sake bin tsokar kifin da ɗan yatsa, daga wajen kai zuwa wutsiya, sannu a hankali, yadda take lalubar allurar da ta maƙale a ɗinki kafin ta miƙa wa mai kaya. Sai ga ta kuwa. Wata 'yar siririyar ƙaya, ba ta fi gashin gira ba, ta noƙe a cikin tsoka. Ta cafke ta da hantsaki ta zare, ta ɗaga ta wajen hasken taga. Ɗazu-ɗazun nan fa ta rantse ta gama cire su duka.

"Madam," muryar mijinta ta taso daga falo, "ko sai an je teku an kamo kifin ne?"

Maganar a jaye take fita, ɓari guda na bakin ba ya bin umarni, amma tsiyar tana nan daram.

"Ka yi haƙuri, Malam, yanzu za a sauke."

Rediyo ake ce masa a tasha tun yana jan doguwar bas, don in ya buɗe baki daga tashi har sauka ba mai iya kashe shi. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi asibiti, ta ƙwace hannun dama, ta taɓa maƙogwaro, amma surutun nan ya fi ƙarfinta. Abin da ya karya shi robar abinci ce, wadda aka zura masa ta hanci har ciki. Ya fizge ta, aka mayar, ya sake fizgewa, sai aka ɗaure hannun mai lafiyar a jikin gado kamar an kama ɓarawon akuya. Ranar da aka sallame su ya riƙe bakin mayafinta ya ce, "Ki yi min alkawari ba za a ƙara sa min abin nan ba." Ba ta yi alkawarin ba, gyara masa hula kawai ta yi.

Nas ɗin da ta koya mata ba shi abinci ba ta yi mata kwana-kwana ba. "Mama, ki zaunar da shi a miƙe, haɓa ƙasa-ƙasa, loma ƙarama. Duk lomar da ya haɗiye, ki sa shi ya yi magana. In muryar ta fito a bushe, ki ci gaba. In kika ji ta jiƙe, tana ɓurɓur kamar ta mai kurkure baki, to abincin hanyar huhu yake bi. Ki tsaya nan take ki kawo mana shi, sai roba. Ba wasa ba ne, Mama, wannan ne ke tafiya da masu irin lalurarsa, ba ciwon ba."

Tun daga nan markaɗaɗɗen abinci yake sha, abin da ya raɗa wa suna siminti. A ganin likita na ƙarshe ne aka ce to, ana iya gwada kifi mai laushi, muddin babu ƙaya. Ai kuwa ya kafa mata ƙahon zuƙa. Da safe kifi, da rana kifi, ko maƙwabta sun shigo dubiya hirar kifi yake musu.

Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kwanakin nan in ya kurɓi ruwa sai ɗan tari ya biyo baya. Da yamma jikinsa kan yi ɗumi. Ta gani, ta ce mura ce. Ko da Autarsu ta kira jiya tana tambaya, cewa ta yi, "Lafiya ƙalau babanki yake, surutu har ya ishe ni." Yanzu ga ta tsaye gaban murhu da tsoro fal cikinta, tsoro na gaske.

Ta tsane kifin tas da tsumma mai tsabta, ta barbaɗa gishiri. Yaji kam ko ƙyas, tari yake tayar masa. Ta bar kaskon ya ɗau zafi har man ya fara sheƙi, sannan ta kwantar da tsokar, fata a ƙasa. Caaa! Ƙamshi ya tashi. Hannunta ya kai ga cokali zai taɓa, ta janye shi. Shi ya koya mata suyar nan tun suna sabon aure, wai a wurin wani kuku ya gani a kan hanya. "Kifi kamar fasinja ne, Madam, kar ki matsa masa. In ya iso tasharsa da kansa zai sauka." Ta tsaya tana kallon farin yana hawa daga ƙasan tsokar zuwa sama, har fatar ta saki kaskon don kanta, ta juya shi.

Ta rage wuta, ta jefa bota da dakakkiyar tafarnuwa, ta karkata kaskon tana ɗiban man da cokali tana yi wa kifin wanka. Ganyen faski da na'a-na'a da ta yanka ta zuba su suka saki ƙamshi, sannan ta matse lemon tsami ta tsakanin yatsunta don ta tare 'ya'yan. Da can iyakar aikin ke nan, sai faranti. Yau kuwa sai da ta tace romon da rariya don kada ko ɓurɓushin ganye ya wuce, ta ɗaye fatar ta ajiye gefe, ta farfasa tsokar da cokali mai yatsu tana leƙa kowane ɓari.

"Ina fatar?" ya ce da ta ajiye farantin a gabansa. "Kai, Madam! Kin tuɓe wa bawan Allah riga a bainar jama'a."

"Malam, a miƙe. Haɓa ƙasa."

"To, Likita."

Ta cusa masa matashi a baya, ta ja kujera ta zauna daf da shi. Ya yi bisimilla, ya ɗebi 'yar loma da hagu, ya kai baki. Ya lumshe ido. Ita kuwa maƙogwaronsa ta ƙura wa ido. Ya hau, ya tsaya, ya tsaya, sannan ya sauka da ƙyar.

"Yaya?"

Ya ɗaga mata babban yatsa.

Ya ɗebi ta biyu. Maƙogwaron ya sake hawa, ya yi jinkiri, ya sauka.

"Gishirin bai yi yawa ba?"

Ya girgiza kai, yana murmushi da ɓarin bakin da ke aiki.

Nan ta ankara. Rediyo ne fa. Mutumin da ko ruwan shayi aka ba shi sai ya kawo tarihin wanda ya ƙirƙiro buta, yau ga kifin da ya yi ta mafarki a bakinsa, amma shiru kake ji. Agogon bango na ta ƙyat-ƙyat, can waje wani na sara itace, a falon kuwa ba abin da ke motsi sai cokali.

Ta jefa masa ƙugiya. "Auta ta ce wai direbobin yanzu sun fi ku iya tuƙi. Wai ku da can sa'a ce kawai ke kai ku gida."

A ranar lafiya wannan magana ta isa ta hana gidan sakat har la'asar. Ya dube ta, idonsa ya ƙyalla, ta ga amsar ta taho har bakin leɓe, ya danne ta. Wani ruwa ya taru a gefen idonsa na hagu. Kafaɗunsa suka ɗan girgiza, irin na mai riƙe tari da ƙarfin tsiya. Ashe ranar da nas ke bayani, yana kwance ido rufe, ba barci yake ba. Ya ji komai, ya kuma san abin da take jira.

Ya miƙa cokali zai ɗebi ta uku, ta janye farantin.

"Malam, ka yi magana."

Ya nuna farantin da haɓa.

"Ka ce wani abu. Ko zagina ne ka yi."

Ya kawar da kai wajen taga. Ta ga jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Tausayinsa ya kama ta har ta ji kamar ta mayar masa da farantin ta tashi ta shige kicin, ta buɗe famfo yadda ba za ta ji komai ba. Wallahi saura ƙiris ta yi hakan.

"Baban Auta," ta ce, "don girman Allah."

Ya juyo. Ya kalle ta, sannan ya buɗe baki.

"Madam... ya yi daɗi."

Muryar ta fito jiƙe sharkaf, tana ɓurɓur daga can ƙasan maƙogwaro. Sai tarin da ya tare ya ɓalle. Ta tallafe ƙirjinsa ta sunkuyar da shi gaba, yana yi yana shiɗewa, idanu sun firfito, tana ta innalillahi a kunnensa. Da ƙyar abin ya lafa. Ya koma jikin matashi yana haki, ta goge masa baki da gefen zaninta.

Ta ɗauki waya. Ya bi hannunta da kallo, bai hana ta ba.

"Auta, ki bar abin da kike yi ki zo da mota. E, asibiti. Ki zo dai."

Ta ajiye wayar ta kasa haɗa ido da shi. Ta miƙe za ta haɗa masa kaya, sai ta ji ƙarar faranti a kan tebur. Da hannun hagun ya turo shi gabanta, a hankali, har romon na tangaɗi.

"Zauna," ya ce da muryar nan tasa da ta jiƙe. "Kar ya huce a banza. Ci in gani."

Ta koma ta zauna. Ta ɗauki cokalinsa ta fara ci, hawaye na zuba, shi kuma ya kafa wa bakinta ido. Duk lomar da ta haɗiye, sai maƙogwaronsa ya hau ya sauka tare da nata.