Tela da Birkin Gaggawa

Sai da furfura ta fito wa tela sannan ya sayi babur. Ƙanensa, wanda yake bakanike, ya ce ba zai bar shi ya hau titi ba sai ya iya tsayawar gaggawa. Suka tafi filin da ke bayan gida.

"Yaya, in abu ya faɗo maka, saki totur. Ka taka birkin baya, na gaba kuma ka matsa shi a hankali kana ƙarawa, kada ka cafke shi kamar ka kama ɓarawo. Kan babur a miƙe, idonka a gaba."

"Ni da na tsufa ina taka keken ɗinki, za ka koya mini taka abu?"

Bakanike bai kula shi ba. Ya ce haɗari ba ya sallama, don haka a samu wanda zai yi ihu ba zato. Matar tela ta ce wannan aikin nata ne, ta daɗe tana neman dalilin daka wa mijinta tsawa. Ta laɓe bayan tankin ruwa.

Tela ya fara zagaye filin, yatsu a kan birki, kunne a buɗe. Shiru. Ya sake zagayowa, gumi na bin wuyansa. Ashe maƙwabciya ce ta tarar da matar a maɓoyarta, hira ta yi daɗi.

Kwatsam wata kaza ta ratso da 'ya'yanta. Tela ya saki totur, ya taka, ya matsa. Babur ya tsaya cak, taya ko gocewa ba ta yi ba. Kaza ta wuce abinta.

Ya sauke ƙafa, ya ɗaga hannu biyu sama. "Ka gani ko? Ka ga aikin manya?"

A daidai lokacin matar ta tuna da aikinta. Ta yi wuf ta fito ta bayansa: "TSAYA!"

Tela ya zabura, ya kife a tsaye, babur ya kwanta masa a cinya.

"Baban yara, ka ji ciwo?"

"Baiwar Allah, ai a tsaye nake!"

Bakanike ya ɗaga babur, dariya ta hana shi magana. Da ya samu numfashi ya ce gobe za a iya gwada titi. Tela ya karkaɗe wandonsa da ya yage a gwiwa, ya ɗingisa zuwa gida neman allura.