Baka Mai Kusurwa

Anti ta sauko daga bas a bakin kwalejin jinya, waya a hannu. Saƙon da ya shigo wayar ya ce ta ci hamsin a lissafi a jarrabawar shiga. Hamsin cif, ko ɗigo babu a kai. Ita kuwa ta manta ko daga hamsin ake ɗauka, ko sai wanda ya haura.

Ta daɗe tana goge ɗakunan asibiti, kowa Anti yake ce mata, har likitoci. Karatun jinya take so, lissafi ya kayar da ita sau biyu. Shekarunta kuma sun kai inda wannan ce damar ƙarshe.

Autarta ce ta zaunar da ita a bana, yarinya mai bakin tsiya da haƙurin koyarwa. Ta rubuta mata √(x − 3) a bayan kwalin sabulu.

"Mama, waɗanne lambobi x zai iya zama? Abin da ke ƙarƙashin rumfar nan ba ya sauka ƙasa da sifili."

"To daga uku zuwa sama ke nan."

"Har illa ma sha Allahu. Ukun kansa fa?"

"Oho masa."

"Ba oho ba ne! Uku a cire uku sifili, sifili kuma ya halatta. Sai ki sa baka mai kusurwa, ta rungumo shi ciki." Ta rubuta [3, ∞). "Mai lanƙwasa a waje take barin mutum, yana leƙe ta taga."

Sau nawa Anti ta bar ukun nan a waje, yarinyar tana dafe kai, Allah kaɗai ya sani.

A ofishin kwalejin Anti ta tarar da malamin lissafi yana fama da fankar da ta ƙi juyawa. Ta gaishe shi, ta miƙa masa wayar. Duk maganar da ta shirya a mota ta gudu.

"Malam, hamsin ɗin nan taku," ta ce, "mai kusurwa ce ko mai lanƙwasa?"

Ya dube ta ta saman tabarau, sai dariya ta ƙwace masa.

"Wa ya koya miki?"

"'Yata."

"Ki gode mata. Mai kusurwa ce, kina ciki."

Ta yi masa godiya. Ta fito baranda ta kira Auta.

"Mama, yaya? Sun ɗauke ki?"

"Ke dai Allah ya yi miki albarka," in ji Anti. "Ni ce ukun."