Ranar da Baba Sifana Ya Riƙe Makullai

Ina cikin shanya mijina Kofur ya faɗo gida ba hula, ya ce in kulle ƙofa, kada yara su leƙa waje. Sojoji sun zauna dirshan a filin fareti, sun ƙi hawa mota.

Wata huɗu ke nan da aka rage wa barikinmu kuɗi. Abinci ya koma rabi, asibiti ba magani, gareji ba kayan gyara. Ranar aka ce su fita sintiri da motocin da tayoyinsu suka suɗe kamar tafin hannu. Kowa ya san hukuncin ƙin bin umarni.

Maƙwabcinmu, sajen gareji, shi ake kira Baba Sifana. Shekara talatin yana ƙarƙashin mota, saura wata biyar ya yi ritaya. Yakan ce motocin nan sun fi shi tsufa, sun fi shi tari.

Ta taga na hango shi ya fito da rigar aiki, yana jan ƙafa. Matarsa ta riƙo hannunsa, tana tuna masa kwana goma bai sha maganin hawan jini ba.

"Sake ni, Maman 'yan biyu. Yaran nan da suka zauna a filin fareti za a kwashe."

Kofur ya bi shi. Shi ya ba ni labarin sauran. Baba ya ƙame gaban kwamanda, ya sara, ya ce ba yaran ne suka ƙi ba, shi ne ya hana motocin fita, makullan na aljihunsa.

"Saje, ka san abin da kake faɗa?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Birkinsu ba ya ci. Ba zan sa hannu ba."

Aka sallami yaran, aka kai Baba gadurum, wato kurkukun bariki. Kwana biyu matarsa tana kai abinci ana dawo da shi. Ran na uku da hantsi ya yanke jiki ya faɗi. Motar asibiti ba fetur, a bayan babur aka ɗauke shi zuwa asibitin gari, wani soja na riƙe da shi. Kafin su kai ƙofar bariki rai ya yi halinsa.

Da la'asar na shiga gidan. Na tarar da matarsa tsugune gaban murhu, ta ɗora ruwan shayinsa kamar kullum. Ruwan na ta tafasa, ba wanda ya sauke.