Wankan Fa'iz

Malam Muniru yana jiƙa garin magarya a roba lokacin da ya lura da wani Bature. Ta ƙaramar tagar ɗakin wankan gawa, a bayan masallacinsu da ke wani lungu kusa da Rye Lane, ya hango shi tsaye gefen motar da ta kawo mamacin: dogo, mai furfura, ya rungume wata leda a ƙirji. Ba direba ba ne, don direban na ciki yana shan shayi. Ba kuma ma'aikacin council, wato ƙaramar hukuma, ba ne, su ba sa tsayawa cikin yayyafi haka.

"Alhaji, wancan fa? Tare kuke?" ya tambayi Abdul-Jalil, yayan mamacin, wanda ya iso daga Leicester da safen nan.

Abdul-Jalil bai ko kalli tagar ba. "Maƙwabcinsa ne. Mu fara, Malam, an yi booking ɗin maƙabarta bayan azahar."

Suka yi bisimilla. Tun da Muniru ya bar tuƙin bas yake wanke gawa, kuma ya saba da jikin wanda ya daɗe yana jinya. An ce masa mamacin, Fa'iz, ya shekara uku a kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Don haka da suka juya shi, sai ya shirya ganin gyambon kwanciya. Babu ko tabo. Farcen nan a yanke tsaf, an rage gemu, dugadugan ƙafa sun sha mai.

"Wa ya yi jinyarsa?"

"Ban sani ba," in ji Abdul-Jalil, yana zuba ruwa. "Mun daɗe ba ma magana."

Tambayar ta ƙi barin Muniru. Da suka gama wankan ƙarshe da kafur, ya ce zai ɗauko likkafani a ofis, ya bi ta ƙofar baya.

"Sannu, Malam. Ina kwana?" Baturen ya gaishe shi da Hausa mai nauyi.

Muniru ya tsaya cak. "Lafiya lau. Ya haƙuri?"

"Nan Hausata ta ƙare," mutumin ya ce da Turanci, ya yi ɗan murmushi. "Sunana Declan."

"An ce kai maƙwabcinsa ne."

Declan ya kalli ledar hannunsa. "Flat ɗaya muke a Catford. Mun yi aure a ofishin council, tun yana da lafiya."

Muniru ya sha jin labarin irin wannan, ya kuma sha ɗaukar irinsu a bas, biyu biyu, amma bai taɓa tsayawa da ɗaya fuska da fuska ba. Ƙafarsa ta so ja da baya. Amma bakinsa ya riga ta.

"Kai ka yanke masa farce?"

"Kowace Juma'a. Ya ce haka ake so."

"Salla fa? Ya daina?"

"Fa'iz? Ko sau ɗaya. Ni nake masa alwala. Da farko ina fara wanke hagu, sai ya yi ta harara ta da ido ɗaya har na koya. Gadon ma sai da ya sa na juya shi ya kalli alƙibla, muka toshe rabin ƙofar kicin."

"To kai ka musulunta ke nan?"

"A'a, ni ɗan Katolika ne. Ina kunna masa kyandir a coci, shi kuma yana sa ni a addu'arsa. Kowa na ganin ɗan'uwansa ne ya ɓata hanya." Ya miƙo ledar. "Ba shiga na zo yi ba. Na san yayansa ba ya son ganina. Wannan ya ce a naɗe shi a ciki."

Muniru ya leƙa. Haramin aikin Hajji ne, fallaye biyu, an wanke an goge.

Da ya koma ciki ya shimfiɗa su a kan tebur, Abdul-Jalil ya daɗe yana kallo. Ya sa hannu ya taɓa gefen ɗaya.

"Tare muka saya a Madina," ya ce a hankali. Sai kuma fuskarsa ta ɗaure. "Malam, ka san ko wane ne mutumin nan?"

"Yanzu ya faɗa mini."

"To ka san abin da addini ya ce."

"Na sani, Alhaji. Ba zan ce maka na gane lamarinsu ba, don ban gane ba. Amma mu masu wanka an ce in mun ga aibu mu rufe, in mun ga alheri mu faɗa. Ƙanenka bai bar salla ba. Wancan mutumin ne yake masa alwala."

Suka ƙara falle na uku daga na masallaci, suka ɗora Fa'iz, suka shafa turare. Muniru ya naɗe dama, ya naɗe hagu, ya ɗaure ƙafa da tsakiya. Daga waje ana jin mutane sun fara taruwa, Hausa da Yarbanci da Somaliyanci suna cakuɗewa a bakin famfon alwala.

Saura fuska. Muniru ya kama gefen ƙyallen, ya tsaya. Ba shi ne ɗan'uwa ba, ba shi zai ce a kira Declan ko kar a kira shi ba. Ya dai jira.

Abdul-Jalil ya dubi ƙanensa. Ya gyara masa wani gashi da ya karkace a gemu, ya share idonsa da bayan hannu. Sannan a karon farko ya ɗaga kai ya kalli tagar.

"Har yanzu yana nan?"

"Yana nan."

Abdul-Jalil ya matsa ya koma jikin bango, ya bar gefen teburin fili.

"Ka ce masa ya cire takalmi a ƙofa."