Jar Saniyar Jaye

"Ta dawo, Baffa," Najiba ta ce wa Jaye. "Tana nan bayan danga."

Ina tsugune a ɗakin maƙwabcinmu Jaye, saura kaɗan kwanon kunu ya suɓuce mini. Najiba ɗiyata ce, na san halinta sarai. Tun tana ƙarama ita ce mai cinye ƙuli-ƙuli ta ce kaza ce, mai gudun lakol ta ce malamin makaranta ya yi tafiya. Tsintsiyar da na karya a jikinta ba ta ƙirguwa. Amma duk ƙaryar da ta taɓa yi, ko don cikinta ne ko don tsoron duka.

Jaye tsohon makiyayi ne. Fari ya cinye masa garke, ya zauna kusa da mu a Gidan Rumji har idanunsa suka daina gani. Jar saniya guda ta rage masa, ita ma ya ba ɗan amininsa na Cadakori habbanaye, wato aron Fulani: ta haifa maka maruƙa ka riƙe, ka mayar da uwar ga mai ita. Tun da ciwo ya kwantar da shi ba ya tambayar komai sai ita. Ba nono yake so ba, so yake ya ji an riƙe amana. Mu kuwa duk unguwa mun san yaron ya sayar da ita tun bara, an dai rasa mai faɗa masa.

Jaye ya ɗaga kai da ƙyar, ya yi irin kiran da yake yi wa shanunsa a da. Muka kasa kunne. Babur ya wuce a hanya, shi ke nan. Tausayi ya kama ni har na kasa duban fuskarsa.

"Ba ta amsa ba," ya ce.

Najiba ta ce, "Fushi take da kai, Baffa. Ka bar ta hannun mutane ta daɗe."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Haka uwarta take. A ba ta dusa."

Ranar ya shanye kununsa tas. Bai daɗe ba bayan nan ya cika, wata safiya da hantsi, fuskarsa a sake.

Da maza suka tafi kai shi, na zagaya bayan danga neman Najiba. Na same ta zaune, ta kifa goshi a gwiwa. Ga tasar dusa a gabanta, ta dama da ruwa, kajin unguwa na ta ci.