Fankar Motar Baba Ɗantsoho

"Riƙe jar wayar nan, Idrisu. Kar ka bari ta taɓa ƙarfe."

Na riƙe. Baba Ɗantsoho ya sunkuya cikin bakin motar yana ƙoƙarin ɗaura noti, amma yatsunsa sun ƙi tsayawa wuri ɗaya. Sau uku notin yana faɗuwa, ina durƙusawa ina lalubo shi cikin jar ƙasa. A na huɗu sai ya miƙo mini sifana, ya koma kan benci yana haki.

Ni tela ne, ban san komai game da inji ba. Shagona yana jikin katangar gidan da yake haya a unguwar Kilomita Biyar da ke Bangui, shekara goma ke nan muna maƙwabtaka. Motar tasa tsohuwa ce ƙirar Faransa, ruwan madara, ta girme ni da shekara biyu. Mahaifinsa ne ya saye ta, shi kuma ya yi tasi da ita a Bangui har gashinsa ya yi fari. Fankarta ta asali injin ne ke juya ta da bel. In mota na gudu, lafiya lau. In ta shiga cunkoson Titin Koudoukou, sai ruwan lagireto ya tafasa. Sau biyu a wannan shekarar ya fita da ita, sau biyun duk turo ta aka yi zuwa gida tana hayaƙi.

Shi ya sa ya samo fanka mai aiki da batir a wurin masu kayan gyara a kasuwa. Kwana shida muka yi muna ɗaura ta a gaban lagireto, aikin da ya ce a da kafin azahar yake gamawa. Ƙafafunsa sun kumbura har sai da ya tsaga silifas ɗinsa. Likita ya ce zuciyarsa ce, ya hana shi aikin wahala.

"Baba, wai ina za ka da ita ne haka?" na tambaye shi.

"Miskine."

A wannan unguwar gidansa yake kafin rikicin 2014. Ya baro shi da rana tsaka, da matarsa Inna Mero da 'yarsu Hanifa a kujerar baya. Inna Mero ta rasu a nan bayan shekara biyu. Hanifa ta bi mijinta zuwa ƙasar Kamaru, ba ta sake dawowa ba.

"Ai ba nisa. In tsayar maka da mai babur, yanzu ka je ka dawo."

"A cikinta na fito, a cikinta zan koma. Ɗaure notin nan da kyau."

Ranar Asabar da hantsi muka fita. Ya sa farar riga, ya goge gilashi da kansa. Muna hawa Titin Koudoukou muka tarar da wata babbar mota tana sauke buhunan albasa, ta tare rabin hanya. Masu babur suna kutsawa ta ko'ina, 'yan canji suna ƙwanƙwasa mana gilashi. Allurar zafi ta fara hawa. Baba ya zuba mata ido har ta kusa taɓa ja, sannan ya kai hannu ƙarƙashin sitiyari ya danna makunnin fankar da muka sa. Muka ji fankar ta ɗauka. Allurar ta tsaya, ta yi kamar ba za ta motsa ba, sai ta soma sauka a hankali.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Rabona da jin dariyarsa tun Inna Mero na raye.

"Ka gani ko, tela? Ka zama bakanike."

Muka shiga Miskine. Ya karya kwana sau biyu, ya tsaya a ƙofar wani gida mai shuɗin fenti. Ya daɗe riƙe da sitiyari kafin ya kashe injin.

Wata mata ce a tsakar gidan tana wanki, da tsohon ciki. Ta taso tana goge hannu a zaninta, ta gaishe shi da harshen Sango, ya amsa mata da Sango, don a cikinsa ya tashi. Ta tambayi abin da muke nema. Na jira ya faɗa mata. Sai na ji ya ce motarmu ce ta yi zafi, ko za ta taimaka mana da ruwa.

Ta tafi ɗebowa. Shi kuma ya tsaya yana kallon gefen katanga, inda rogo ya tsiro a cikin wani dogon wuri mai bakin siminti. Ya taɓa ba ni labarin ramin nan. Da hannunsa ya haƙa shi, a ciki yake shiga ya duba ƙarƙashin mota.

Matar ta dawo da bokiti, ta ga inda yake kallo.

"Haka muka same shi, a cike," in ji ta. "Shekara uku muna haya a nan. An ce da can wani direba ne mai gidan, Musulmi. An ce ya mutu lokacin rikici."

"Na san shi," in ji Baba.

"Mutumin kirki ne?"

"Ya dai iya aiki."

Ya buɗe bonet, ya kwance murfin lagireto da tsumma. A cike yake. Duk da haka ya zuba, ruwan ya malalo ya jiƙa masa ƙafa. Ya mayar mata da bokitinta ya ce, "Singila," wato na gode. Ta ce Allah ya kiyaye hanya.

A hanyar dawowa sau biyu ƙafarsa tana kasa taka kuloci. Ni kuwa ban iya tuƙi ba, sai addu'a nake a zuci. Ya ajiye motar inda ta saba tsayawa, a ƙofar gida. Sai da na tallafe shi ya iya fita.

Bai sake fitowa waje ba. Matata Ummuhani tana kai masa kunu, yana shan cokali biyu ya ture. Na ce mu koma asibiti, ya ce ya gaji. Na kira masa Hanifa a waya, ta yi ta kuka tana cewa takardunta na tafiya ba su fito ba, amma tana nan tafe bayan salla. Ya ce mata to, Allah ya kawo ta.

Ranar Laraba bayan la'asar na shiga na same shi jingine da bango, numfashinsa yana fita da ƙyar.

"Idrisu, ka cire kan batir?"

"Na cire, Baba."

"Baƙar wayar ake fara cirewa."

"Ita na fara cirewa."

Ya gyaɗa kai. Na zauna kusa da shi ina maimaita kalmar shahada, leɓɓansa suna bina. Kafin a kira magariba ya cika.

Washegari muka kai shi. Na so a ɗauke shi a motarsa, amma ko da muka mayar da kan batir, duk wanda ya gwada tayar da ita ta ƙi, sai aka samo a-kori-kura.

Hanifa ba ta zo bayan salla ba. Ta bugo ta ce mai gidan hayar yana damunta, in nemi wanda zai kwashe motar. Wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo, ya zagaya ta, ya leƙa ciki. Ya ce babu mai neman kayan irin wannan yanzu, fankar ce kawai abin amfani. Ya kwance ta a tsaye cikin minti goma, ya sa a buhu. Sauran motar kuwa yaransa suka ɗaure da igiya suka ja, tayar baya ɗaya tana jan ƙasa.

Na koma shago na zauna a gaban keken ɗinki, ban taka shi ba. An yi ruwa da safe, layin duk ya jiƙe, sai wurin da motar ta tsaya ne kaɗai a bushe, fari-fari, daidai tsawonta da faɗinta. Can hadari ya sake haɗowa, yayyafi ya fara sauka a kansa ɗaya-ɗaya.