Kada Ki Taɓa Ko Allura

Sa'adiyya ta ɗaure hancinta da gefen ɗankwali, ta kama bakin buhun farko ta ja. Buhun bai motsa ba, sai gindinsa da ya yage, kyankyasai suka watso kamar an zubar da gyaɗa. Ta yi baya har ta bugi ƙofa. Wani ɓera mai girman ɗan kyanwa ya leƙo daga bayan firij, ya dube ta ido cikin ido, ya koma ba tare da gaggawa ba.

Ta saki buhun. Ita kanta ba ta san ko karo na nawa ke nan tana shigowa falon nan da tsintsiya, ta fita ba ta share komai ba.

Falo ne a suna kawai. Mijinta Abdulbaƙi dillalin fatu ne a kwatar yanka ta Oko-Oba a Legas, kuma ko yana da rai mutum ne da ba ya yar da abu. Matacciyar rediyo, tsohuwar fanka, takalmin da ya rasa ɗan'uwansa, duk cewa yake wata rana za su yi amfani. Da ya rasu aka karɓe rumfarsa ta kwata, abokan sana'arsa suka kwaso abin da ke ciki suka jibge mata a falo: ƙiraga ɗauri-ɗauri, buhunan gishirin da ake shafa wa fata, sikeli, tamfol, jarkoki, janareta biyu da ba sa tashi. Kayan suka kai har rufi, suka toshe taga. Ita da 'yarta Fiddausi suka koma rayuwa a uwar ɗaka, suna bi ta wata 'yar hanya da sai mutum ya karkace yake wucewa.

Yayan marigayin, Balarabe, ya zo daga Ɗambatta ana gobe sadakar uku. Ranar da zai koma ya tsaya a bakin falon ya ƙare wa kayan kallo.

“Kin san bai bar ɗa namiji ba, muna da haƙƙi a ciki. Kaya na magada ne. Kada ki taɓa ko allura sai mun dawo an raba.”

Ta gama takaba bai dawo ba. Damina uku ta wuce a kan kayan, kuma kowace damina sai kwatar bayan gida ta cika ta turo ruwa ta ƙarƙashin ƙofa.

Daga tsakar gida ta jiyo tarin Fiddausi, mai ƙarewa da wani siririn fito a ƙirji. Makon jiya sai da ta goya yarinyar ta hau okada zuwa asibiti, leɓɓanta sun fara sauya launi. Likita ya tambaye ta inda suke kwana, ta faɗa masa gaskiya. Ya ajiye biro ya ce idan ba ta raba yarinyar da danshi da fumfuna ba, wata rana abin shaƙar da ke buɗe mata numfashi ma ba zai yi aiki ba.

*

Hassana ce ta same ta zaune a bakin ƙofa, tsintsiya a cinya. Maƙwabciyarta ce, haifaffiyar Agege, mai sayar da waina a bakin titin jirgi. Hausarta ba ta tafiya sai da Yarbanci da Turancin titi a gefe.

“Maman Fiddausi, har yanzu kallonsu kike? Baba mai gida fa ya ce 'yan wole-wole za su zagayo duba tsabta. Wallahi suka shaƙi warin nan, rufe ɗakin za su yi, shi kuma ya ba ki notis. Abeg, tashi.”

“Ina tashi, Hassana. Da na kama abu sai hannuna ya mutu. Idan na zubar, na ci dukiyar gado. Idan na bari...” Ta dubi inda Fiddausi ke zaune kan tabarma tana wasa da murafun kwalba.

“To kira shi. Yanzu, a gabana.”

Sai da wayar ta kusa tsinkewa Balarabe ya ɗauka. Sa'adiyya ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta tambayi gona, sannan ta gaya masa maganar likita da ta mai gida.

“Allah Ya ba ta lafiya,” in ji shi. “Amma ke ma kin san halin da ake ciki. Kuɗin motar Legas yanzu ba wasa ba ne. Ki ƙara haƙuri zuwa bayan kaka.”

“Yaya, bara ma bayan kaka ka ce. Fatun nan sun ruɓe.”

“Ko sun zama ƙasa, ki bar mana ƙasar mu gani da idonmu. Na dai faɗa miki.”

Ya kashe wayar.

Sa'adiyya ta ajiye wayar. Tsoro biyu ne suka sa ta a tsakiya, kowanne yana ja. Ta tuna wa'azin da ake yi a kan masu taɓa gado, ta tuna kuma nauyin Fiddausi a bayanta a kan okada, kai yana lilo. Ta miƙe ta saka hijabi.

Limamin masallacin layinsu ya saurare ta har ta gama, ya biyo ta ya leƙa falon, ya fito yana toshe hanci da rawani. Ya ce abin da ya lalace ba dukiya ba ne, cuta ce, ta fitar. Abin da ke da amfani ta keɓe shi waje ɗaya, shi shaida ne.

“Mafi yawan haƙƙin ma ai na yarinyar nan ne,” ya ce. “Bai kamata gadonta ya zama ajalinta ba.”

*

Washegari da safe suka kai Fiddausi ɗakin Hassana suka fara. Hassana ta shimfiɗa tamfol a tsakar gida.

“Kashi uku za mu yi. Na ajiyewa, na 'yan bola, na shara. Kin ɗauki abu, ba ajiyewa a tsakiya. Kuma ba zama.”

Ƙiragan ba su ba su wahalar shawara ba. Na sama sun bushe sun karairaye, na ƙasa sun narke sun manne da siminti, sai da suka sa shebur. Gishirin ya sha ruwa ya dunƙule ya zama dutse. A bayan firij suka tarar da sheƙar ɓeraye, da tsummokara da jajayen 'ya'ya a ciki. Bangon ya yi baƙi ƙirin har tsayin ƙugu. Sa'adiyya ta tsaya tana kallonsa, ta tuna katifarsu tana jingine da ɗaya gefen wannan bangon, daidai inda Fiddausi ke sa kai.

Ƙananan abubuwan ne suka kusa karya ta. Ta ɗauko rediyon Abdulbaƙi, ta jefa a kashin 'yan bola, ta koma ta ɗauko, ta sake jefawa. Ta buɗe wata jaka ta ga riguna, fumfuna ta cinye rabinsu, ta zauna daɓas a kan jarka da wata shuɗiyar shadda a hannu. Ita ya sa ranar sunan Fiddausi. Ta kai hancinta tana neman ƙanshinsa, ba ta ji komai ba sai warin danshi.

“Na ce ba zama,” in ji Hassana, amma a hankali ta faɗa. Ta karɓi rigar ta duba. “Wannan za ta wanku. Ajiye wa 'yarki. Sauran kuma, shi da kansa da ya gan su ba zai sa ba.”

Azahar ta yi. Falon kamar ba a taɓa shi ba, tsakar gida kuma ta cika, maƙwabta na wucewa suna toshe hanci, wata Bayerabiya tana mita ba ƙasa-ƙasa ba. Ta ji kamar ta mayar da komai ciki ta rufe ƙofa. Sai ta daina kallon tulin gaba ɗaya, ta zaɓi taga ta ce a ranta ba za ta ci abinci ba sai ta kai gare ta. Jarka ɗaya, kwali ɗaya, buhu ɗaya. Gab da la'asar hannunta ya taɓa ƙarfen tagar. Ta yi tsatsa, sai da suka buga ta da dutse ta buɗe. Iska ta shigo da ƙarar motocin danfo da kiran mai sayar da burodi, haske ya faɗo kan simintin da ya shekara uku bai gan shi ba.

'Yan bola biyu suka zo da kura suka kwashe ƙarafa da janaretocin. Abin da suka bayar ta miƙa wa liman ya ajiye, ba ta ko duba ba. Ruɓaɓɓun fatun kuwa sai da ta biya aka kai su juji. Sikeli, firij, tamfol mai kyau ɗaya da rigunan da suka tsira, ta jera su a kusurwa ta rufe da zane.

Ta wanke bangon da ruwan zafi da sabulu. Kwana biyu bayan nan ta lura Fiddausi ta tashi da safe ba ta nemi abin shaƙarta ba. Duk da haka, duk lokacin da waya ta yi ƙara sai ta yi sauri ta duba ko Balarabe ne.

*

Ba waya ya yi ba. Da kansa ya zo, kafin mako ya zagayo, a tirelar shanu, rigarsa duk ƙura. Wani ɗan garinsu da ke aiki a kwata ne ya ga kurar 'yan bola tana fita daga gidan, ya kai labari.

Balarabe bai zauna ba, bai sha ruwan da ta kawo ba. Ya tsaya tsakiyar falon yana juyawa.

“Ina kayan ƙanena?”

“Yaya, sun ruɓe. Liman ya gani, ga shi nan a kira shi.”

“Fatu cike da ɗaki, ki ce sun ruɓe? Janareta biyu? Mace ta zauna a Legas ta ga babu mai tsawata mata. Ai dama an gaya mini.”

Liman ya zo ya yi bayani, ya miƙa abin da aka ba shi ajiya. Balarabe ya karɓa ya zura a aljihu, ya ce tunda ta riga ta ɗebi rabonsu ita da 'yarta a cikin abin da ta salwantar, abin da ya rage na 'yan'uwa ne. Liman ya ce ba haka shari'a ta ce ba. Balarabe ya ce to a biyo shi Ɗambatta a gaban alƙali a faɗa masa yadda ta ce. Kowa a wurin ya san Sa'adiyya ba ta da halin zuwa.

Hassana ta taso za ta yi magana, Sa'adiyya ta riƙe mata hannu. Ta ga Fiddausi a bakin ƙofar uwar ɗaka, ido a buɗe, ƙirjinta ya fara ɗagawa da sauri. Ba ta son hayaniya ta tayar da abin da ya kwanta.

Ya kira mai kura. Aka fitar da firij, aka fitar da sikeli da tamfol. Ya tattara rigunan ya cusa a buhu, har da shuɗiyar shaddar da ke kan igiya ba ta gama bushewa ba.

A bakin ƙofa ya ci karo da yarinyar. Ta durƙusa ta ce, “Baffa, ina wuni.” Ya dafa kanta da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da buhu.

“Kin girma. Fatu ce ko? Allah Ya yi albarka.”

Ya bi bayan kurar.

Maƙwabta suka watse ɗaya bayan ɗaya. Sa'adiyya ta ɗauki tsintsiya ta share ƙasar da takalman masu ɗaukar kaya suka shigo da ita. Ba a ɗauki lokaci ba, babu abin da za a kewaye.

Fiddausi ta shigo ta tsaya a tsakiyar falon. Ta dubi bango huɗu, ta ɗaga kai ta faɗi sunanta da ƙarfi, ɗakin ya maido mata da shi. Ta sake faɗa, tana saurare.